Makaranta sun ce in zo in ga malamar ba da shawara a kan yarona, me ake yi a wurin?

Ummu Walida: Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah shawara nake nema kuma kar a min dariya. Babban yarona yana JSS 2 a wata makarantar gwamnati nan cikin Gombe, shekararsa 13. Jiya ya dawo da takarda daga ofishin firinsifal wai ranar Litinin in zo ko babansa ya zo mu ga malamar gaidans, wai kansila suke ce mata. Ni dai lokacin da muka yi makaranta in aka kira iyayenka to kora ce ko bulala a gaban asambuli, shi ya sa tun jiya cikina ya ɗuri ruwa. Yaron nan a firamare bai taɓa wuce na bakwai ba, zangon da ya wuce na 61 ya zo. Kullum da safe sai ciwon ciki sai ciwon kai, amma Asabar da Lahadi garau yake har ƙwallo yake fita. Ya daina cin abinci da ƙannensa, in na yi magana ya yi min shiru kamar an ɗinke bakin. Babansu ya zane shi har sau biyu ba abin da ya canza sai ma gaba da abin ya yi. Da na nuna masa takardar cewa ya yi ba inda za shi, shi ɗansa ba mahaukaci ba ne da za a zaunar da shi ana masa tambayoyi. Waye ya san aikin matar nan? In je ko in share?

Oga Direba: Kansila kuma? Na wace gunduma? In namu ne Hajiya ki tuna masa da kwalbatin da ya yi mana alkawari 😂

Admin: Oga Direba an ce kar a yi dariya ka fara. Allah ya shirya ka.

Malamar Lissafi: Wa alaikumussalam Maman Walida. Ki je, wallahi ki je, ki ma gode wa Allah makarantar tana da wadda ta lura da shi. Ba kora ba ce kuma ba maganar hauka ba ce. Aikinta ta zauna da yaro ta ji me ke damunsa, karatu ne ya gagara, wani ne ke takura masa, ko daga gida ne. In ta kira iyaye to so take a haɗa hannu don rabin labarin yana gida rabi yana makaranta, ita ba ta san yana ciwon ciki da safe ba ke kuma ba ki san me yake yi bayan an fita tara ba. Abin da kika faɗa na ciwon da ba ya zuwa sai ranar makaranta, ni a shekaruna na koyarwa in na ji haka na san akwai abin da yaro ke gudu a cikin makarantar. Ba lallai ƙarya yake ba fa, tsoro yana murɗa ciki da gaske.

Bappan Yara: Ni fa abubuwan nan na zamani su ne suke lalata mana yara. Yaro ya yi fashi a ba shi bulala goma ya shiga hankalinsa, shi ke nan. Mu da muka yi makarantar kwana wa ya taɓa tambayarmu me ke damunmu? Siniya ya aike ka ɗiban ruwa da asuba cikin sanyin hunturu, ya cinye maka garin kwaki da ƙuli, ka yi gwale-gwale har ƙafarka ta daina ɗaukarka, ga mu nan mun zama mutane. Yanzu an ce kar a doki yaro, a zaunar da shi a kujera ana lallashi kamar amarya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Maman Biyu: Bappa ai ta ce an zane shi sau biyu. Sau nawa kake so a yi kafin a gane ba nan matsalar take ba?

Bappan Yara: To ba a yi da kyau ba ne.

Injiniyan Waya: Bappa da girmanka amma bari in faɗa maka, ku da kuka zama mutane ku ne kuka rage, waɗanda suka gudu ba sa cikin guruf ɗin nan balle su ba da labari. Ni na gudu. A JSS 2 ɗin nan dai na bar makaranta, kuma har yau a gidanmu an ɗauka iskanci ne ya sa. Gaskiyar magana ban iya karatu ba. Na gama firamare ina kwafar abin da ke allo kamar mai zane, harafi harafi, amma in ka ce in karanta maka layi ɗaya ba zan iya ba. A firamare ana yin karatu ne baki ɗaya ana rerawa sai ka ɓuya a cikin murya, da muka shiga JSS malamin Turanci ya fara tsayar da mutum ɗaiɗai. Ranar da ya zo kaina na tsaya riƙe da littafin gumi yana bin bayana aji ya fashe da dariya, ya ce daƙiƙi zauna. Tun daga ranar sunana ya koma Daƙiƙi har a unguwa. Sai na riƙa sa yunifom in fita in je in zauna wajen masu gyaran waya har a tashi, in dawo gida kamar daga makaranta nake. Wata uku ba wanda ya sani. Da aka gane an dake ni dukan da har yau akwai tabo a bayana amma ba wanda ya ce don me. Alhamdulillah sana'ar ta karɓe ni, ina da shago ina da yara huɗu a ƙarƙashina, karatun ma na koya daga baya a wayar da nake gyarawa. Amma da a ce akwai mutum ɗaya da ya kira ni gefe ya ce karanta min nan, mu biyu kawai ba mai dariya, wata shida ya isa a gyara abin.

Maman Biyu: Allah sarki. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Baba Mai Ritaya: Na yi shekara 35 a aikin koyarwa, na riƙe makarantu a matsayin firinsifal kafin in ajiye, bari in sa baki. Bappa abin nan ba sabo ba ne kamar yadda kake zato. A ƙasar nan ana danganta farkonsa da 1959, lokacin da wasu sistoci a wata makarantar yan mata a Ibadan suka gayyato masu sana'o'i daban daban su yi wa ɗaliban da za su fita bayanin aiki. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ambaci ba da shawara a makarantu. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, wato firamare shekara shida, JSS uku, SS uku, jami'a huɗu, dalilin raba sakandare gida biyu ke nan, a yi shekara uku ana duba yaro, a ga wanda kansa ke ja a kimiyya, wanda hannunsa ke da kyau a fasaha, sannan a nuna masa hanya. Wa zai yi wannan dubawar? Mai ba da shawara. Wato tsarin gaba ɗaya a kansa aka gina shi. Sai aka kawo injinan koyon sana'a wasu suka ruɓe a cikin akwatunansu, shi kuma mai ba da shawarar aka bar shi a takarda. Dokar ilimin bai ɗaya ta UBE ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, firamare shida JSS uku. To dole ce ta kawo yaro aji, amma ba dole ce za ta zaunar da hankalinsa ba.

Abin da na gani da idona, za a turo maka malami da digiri a kan wannan fanni, ka duba ka ga ba ka da malamin Soshiyal, sai ka ba shi aji shida. Ofishin da ya kamata a ba shi ya zama sito an jibge karyayyun benci. Ni ma na yi hakan ba zan ɓoye ba, don in sufeto ya zo aji marar malami zai gani, ba zai ga yaron da ke kuka a bayan aji ba.

Malamar Lissafi: Baba ka faɗi gaskiya. A wajenmu ma wadda aka ba wa aikin ita ce kuma ke tsaron geti da bulala tana kama yan latti. Yaron da kika sa tsallen kwaɗo da safe shi ne zai zo da rana ya buɗe miki cikinsa? Ai ba a haɗa biyun. Duk wanda ya yi NCE ya ɗan taɓa kwas ɗin gaidans, amma kwas ɗaya na cin jarrabawa daban, wanda ya karance shi shekara huɗu daban.

Goggon Tumfure: Ni tambaya zan yi wa Maman Walida. Kin ce babban yaronki ne, wato ɗan fari ko? To ki faɗa min gaskiya, kina zama ki yi hira da shi?

Ummu Walida: Goggo gaskiya a'a. Ko sunansa ba na faɗa, sunan surukina ne kuma ga kunyar ɗan fari. Aike ne kawai ke haɗa mu sai faɗa. Babansu ma haka.

Goggon Tumfure: Yauwa, nan nake so a zo. Ku da kuke cewa mu da ba mu da kansila, ƙarya ne muna da su, ba ofis ne dai ba su da shi ba. Ɗan fari a gidan Fulani ko Hausawa ai ba na uwarsa ba ne, na kaka ne, na goggo ne, na kawu ne. Uwa ta kau da kai saboda kunya amma ta kau da kan ne don ta san akwai masu kallo. Yaro ya yi laifi ya gudu ɗakin kaka, ta ɓoye shi bayan gado ta ba shi ɗumame, tana tsokanarsa da mijina mijina har ta zare masa maganar da ke cikinsa, da daddare ta kira uban ta ce kai ga abin da ke damun ɗanka. Yarinya ta ga jini a karon farko wajen goggo take zuwa ba wajen uwa ba. Yanzu fa? Muna haya a Tumfure ko bayan Liji, gida mai geti ɗaki biyu, kaka tana Dukku ko Nafada sai da salla ake ganinta. Mun riƙe kunyar mun yar da kakar. To yaron nan da wa zai yi magana, da bango?

Bappan Yara: Wannan kam Goggo kin yi magana. Ni ma wajen kakata nake gudu. Amma kaka jininka ce, wannan malamar fa bare ce, ka kwashe sirrin gidanka ka kai mata gobe ka ji shi a sitaf rum.

Maman Biyu: To nan kam ina bayan Bappa. Ni ya taɓa faruwa da yar yayata, ta gaya wa wata malama cewa iyayenta sun rabu tana zaune wajen kishiyar uwa ba ta samun abincin safe, kafin sati duk malamai sun sani, wata har tana ce mata yar marainiya a gaban aji da sunan tausayi. Yarinyar ta ce ko za ta mutu ba ta ƙara gaya wa kowa komai.

Malamar Lissafi: Wannan ba ta san aikin ba ko kuma ba aikinta ba ne tun asali. Abu na farko da ake koya musu shi ne riƙe sirri. Abin da yaro ya faɗa a ɗakin nan a nan yake tsayawa, sai in akwai haɗari, kamar ya ce zai cutar da kansa, ko wani babba yana taɓa shi, ko ya fara shaye shaye. Wannan dole a sanar da wanda ya dace, kuma tun farko ake gaya wa yaron haka don kar ya ga an ci amanarsa. Maman Walida ranar Litinin kina da damar ki tambaye ta kai tsaye, Malama abin da za mu faɗa a nan wa da wa zai ji? In ta yi kame kame ki san irin abin da za ki faɗa.

Alhajin Kwana Huɗu: Tsaya tsaya. Wato ɗana da na haifa nake ciyarwa nake biya masa kuɗin PTA zai faɗa wa wata magana a ce ni ba za a gaya min ba? Wannan wace irin doka ce?

Malamar Lissafi: Alhaji in ya san duk abin da ya faɗa zai dawo kunnenka ai ba zai faɗa ba, sai ka rasa duka, kai ba ka ji ba ita ma ba ta ji ba. Wani lokacin abin ba komai ba ne a wajenka, muryarsa ce ta fara fashewa ana masa dariya, ko mafarki ya fara yana zaton ciwo ne. Kai a shekara 13 ka gaya wa Baba irin wannan?

Alhajin Kwana Huɗu: A'uzubillahi. Da wane bakin.

Oga Direba: 😂😂 Alhaji ya sauka daga mota tun ba a kai tasha ba

Ustaz na Islamiyya: Maganar balaga da Malama ta taɓo tana da muhimmanci. Mu a Islamiyya muna karantar da babin wanka da haila a Ahalari da Ishmawi, amma karantarwa a aji daban, yaro ya samu wanda zai tambaya shi kaɗai daban. Kuma ina roƙon iyaye, ba duk yaron da ya yi shiru ko ya rame ne aljanu suka taɓa ko aka yi wa sammu ba. Ana kawo min yara a ce a yi ruƙiyya, in na zauna da yaro minti ashirin sai in tarar matar uba ce, ko wani ne a unguwa ke tsare shi. Addu'a dole ce kullum, amma a haɗa da bincike. Wanda ya ɗaure raƙuminsa ai bai fasa tawakkali ba.

Anti Nas: Ni ta ɓangaren asibiti zan yi magana. Kafin a ce yaro ya lalace a duba abu uku masu sauƙi, ido, kunne, da jini. Yaro da yawa a firamare yana gaba kusa da allo, ya shiga JSS aka tura shi layin baya saboda tsawo, allon ya zama hazo, shi bai san sauran suna gani tar ba ya ɗauka haka kowa ke gani. Gwajin ido na allon haruffan nan ko minti biyar ba ya kaiwa. Sai ƙarancin jini da yunwa, yaron da ya fito ba karin kumallo ba abin da zai shiga kansa a firiyod na huɗu. Sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin ko wajen shekara 14, wato daidai yan JSS ɗin nan, kuma yawanci ba a ganewa sai an girma. Ba hauka ake nufi ba, damuwa ce da fargaba da ƙuncin rai. Malamar makaranta ba likita ba ce ba za ta ba da magani ba, amma in ta ga abin ya fi ƙarfinta ita ce za ta ce ku je asibiti, kuma muna da asibitin koyarwa na tarayya a nan Gombe ba sai an tafi Kano ko Maiduguri ba tukuna.

Abu na ƙarshe ki duba jakarsa da aljihunsa ba tare da tashin hankali ba. Ba ina cewa yana sha ba ne. Amma tun da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 ba a daina shaye shaye ba, an koma ƙwayoyi da sholisho da abubuwan da ba ki zato, kuma masu ba yara na farko kyauta suke ba su.

Ummu Walida: Innalillahi Anti kin ƙara tsorata ni. Na duba jakar yanzu ba komai sai littattafai da wani guntun burodi ya bushe. Amma na lura littafin lissafinsa tun wajen sati biyar ba a rubuta komai ba.

Malamar Lissafi: Ki duba jadawalinsu, in lissafi bayan tara ake yi to ba ya komawa aji bayan tara ke nan. Ki riƙe wannan ki gaya mata.

Maman Biyu: Tunda an buɗe maganar, yan mata fa? Tawa tana JSS 3, duk wata sai ta yi fashin kwana uku huɗu, ban gane ba sai da na lissafa kwanakin. Banɗakin makarantar ba ƙofa ba ruwa, fom mastansu namiji ne, ta ce ta gwammace a doke ta a kan fashi da ta gaya masa dalili. Kuma wata rana siket ɗinta ya ɓaci yan maza suka gani. Da akwai mace ɗaya da aka san ofishinta da audugar mata a durowa ai da an huta. Kuɗin PTA da muke bayarwa nawa audugar za ta ci?

Baba Mai Ritaya: Wannan ki kai shi taron PTA ko wajen kwamitin SBMC na iyaye da al'umma masu sa ido kan makaranta, akwai kujerar mata a ciki. Matsalarmu iyaye ba ma zuwa taro sai an ce za a ƙara kuɗi. In mutum ashirin suka tashi suka ce muna so a rage wa malama kaza aji a ba ta ɗaki mai ƙofa da awa biyu a rana, firinsifal zai yi, don shi ma abin da zai kare kansa da shi yake nema in an tambaye shi daga sama. Kuma ke da taki ke JSS 3, yanzu ne lokacin. Bayan jarrabawar BECE ta gama JSS 3 za a raba su sayans ko at ko kamashiyal, ko makarantar fasaha. Na ga yara da yawa da uba ya ce dole likita, aka cusa su sayans, suka yi shekara uku suna wahala da kimistiri suka fito ba kiredit. Yaron da tun farko an san hannunsa na wayarin ne ko lissafin kuɗi. Nan ma zaman mutum uku ake so, yaro da uba da wanda ya ga sakamakonsa na shekara uku.

Alhajin Kwana Huɗu: Baba ai kowa so yake a ce ɗansa dokta ne.

Baba Mai Ritaya: Wanda ya yi min wayarin gidana ɗalibina ne da ya faɗi fiziks sau biyu. Ya fi ni mota yanzu.

Ummu Walida: Na gode ƙwarai yan uwa. Zan je ko ni kaɗai ce. Amma ya zan yi da babansu?

Goggon Tumfure: Kar ki ce masa kansila, kar ki ce masa matsala. Ki ce makaranta suna neman uban yaro don maganar mace ba ta isa ba. Za ki ga ya sa babbar riga.

Oga Direba: Goggo ashe haka ake mana 😭

Ummu Walida: Salam yan uwa, na dawo da bayanin zuwanmu makarantar, ku yi haƙuri jiya ban samu zama ba. Dabarar Goggo ta ci, har hula ya kafa. Ofishin wani ɗan lungu ne kusa da laburare, tebur ɗaya da benci, sai labule da ta sa da kuɗinta. Matar ba ta kai ni shekaru ba ma. Ta fara da cewa ba laifi aka kira mu a kai ba, sai na ga kafaɗar babansu ta sauka. Ashe fom masta ne ya lura ba ya aji bayan tara ya tura mata shi, ta yi zama uku da shi kafin ya yi magana, na farko da na biyu ta ce ko kallonta bai yi ba yana ta wasa da maɓallin riga.

Wasu yan SS ne su uku suke tare shi a bayan banɗaki suna karɓe naira 200 ɗin tara da nake ba shi, tun farkon zangon da ya wuce. Ranar da na ba shi 100 saboda ba canji suka mare shi suka ce ya ɓoye sauran. Sun ce masa yayyensu yan Kalare ne, yan dabar Gombe, in ya faɗa za a tare shi a hanya a sare shi, kuma sun san layinmu sun san Walida. Shi ya sa in an kaɗa tara yake bi ta inda katanga ta faɗi ya je ya zauna a wani kango har a tashi. Burodin da na gani a jaka na gida yake ɓoyewa ya ci a can. Wallahi da ta zo nan kasa riƙe hawaye na yi, yaron nan kare ƙanwarsa yake mu kuma muna zane shi. Babansu bai ce uffan ba, hularsa kawai ya cire ya riƙe a hannu yana juyawa.

Ya so ya tashi a nuna masa yaran a take, ta ce a'a Alhaji in ka yi haka gobe kowa ya san shi ya faɗa. Ta ce ba shi kaɗai suke yi wa ba, za su sa malami ya kama su da hannu a wajen kamar dacewa aka yi, sannan a kira nasu iyayen, su ma tana so ta zauna da su don ɗaya daga ciki ta san halin da gidansu ke ciki. Ta ce mu daina ba shi kuɗi a hannu na ɗan lokaci a riƙa zuba masa abinci, babansa ya riƙa kai shi yana ɗauko shi sati biyu, kuma an mayar da shi layin gaba. Idon ma ta ce a gwada kamar yadda Anti Nas ta faɗa. Sai karatun sati biyar da ya wuce shi, ta haɗa shi da wani yaro a ajin zai riƙa ara masa littafi.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Na ce mata shi ke nan abin da ya faɗa? Ta ce akwai wata magana da ya roƙe ta kar ta faɗa, ba ta haɗari ba ce, in ya shirya zai gaya min da kansa. Na yi ta juyi a gado jiya ina tunanin mene ne.

Alhajin Kwana Huɗu: Kun gani ko! Abin da nake faɗa ke nan. Ni da ba zan bar ofishin ba sai ta faɗa.

Malamar Lissafi: Maman Walida dan Allah kar ki matsa masa kuma kar ki nuna masa kin san akwai saura. Yana gwada ta ne ya ga ko za ta riƙe.

Bappan Yara: Su waɗancan ukun dai a ba ni su minti goma. A nan kam ba wanda zai hana ni maganar bulala.

Injiniyan Waya: Bappa ka dai ji an ce ɗaya daga cikinsu ma akwai abin da ke gidansu.

Bappan Yara: Na ji. A yi masa shawarar bayan an gama.

Goggon Tumfure: Maman Walida hutun nan ki tura shi wajen kakarsa ko sati ɗaya ne. Sauran maganar can za ta fito, ke dai ba za a gaya miki ba.

Ummu Walida: In sha Allah Goggo. Yau da safe babansu ya ɗauke shi a mashin, na leƙa ta geti na ga ya tsaya wajen mai shayi a bakin layi ya saya masa ƙosai, su biyu suna tsaye ba mai cewa komai. Ciwon cikin dai yau ma ya ce yana yi amma ya sa takalminsa da kansa.

Maman Biyu: Baba Mai Ritaya taron PTA ɗinmu Asabar mai zuwa ne, dan Allah in na rubuta abin da zan faɗa zan turo maka ta inbos ka duba min, don in na miƙe a gaban maza mantawa nake yi.